Ƙauyen bakin teku: ina za a je, kuma daga ina ake hange?

"Malam, ni ɗan kasuwa ne a nan Damagaram, nakan sauka Kwatano da Lome saboda harkar motoci da kayan gyaransu, amma abin da na sani na teku bai wuce katangar tashar jiragen ruwa da filin ajiyar motoci ba. Ina so idan na sake sauka in ware kwana biyu ko uku in je wani ƙauye na bakin teku, in ga halittar Allah da idona ba tare da hayaniyar birni ba. Wane wuri ya dace, daga ina ake hangen ƙasar da kyau, kuma me ya kamata in kiyaye?"

Ɗan'uwa, tambayoyi uku ka haɗa wuri guda, wato wurin zuwa, da wurin tsayawa a yi kallo, da abin kiyayewa. Ta farko ba ta da wuya: tunda Kwatano da Lome kake zuwa, wurin da ya fi dacewa da kai shi ne garin Grand-Popo na ƙasar Benin da ƙauyukan masunta da ke gabas da shi, musamman Avlo, inda kogin Mono yake shiga teku. Garin yana kan babbar hanyar da ta haɗa biranen biyu, kimanin kilomita 80 yamma da Kwatano, kuma bai wuce kilomita 20 daga iyakar Togo ba, saboda haka ko ta wane ɓangare ka fito ba ka yi nisa ba. Tambaya ta biyu ce take bukatar dogon bayani, domin a kanta ne na ga yawancin mutanenmu suna komowa da cewa ba su ga komai ba sai yashi da ruwa.

Dalilin haka shi ne, mu a Damagaram mun saba da cewa wanda yake son ganin gari sai ya hau dutse. Daga kan duwatsun Birni mutum yana iya ganin fadar Sarki da rufin gidaje har zuwa Zango, ya nuna kowace unguwa da yatsa. Gaɓar Benin kuwa, wadda tsawonta duka bai wuce kilomita 125 ba, babu dutse ko ɗaya a kanta, haka ma ta Togo. Wanda ya tsaya a kan yashi da ƙafafunsa, iyakar abin da idonsa zai kai a kan ruwa kimanin kilomita biyar ne, daga nan sai lanƙwasar duniya ta ɓoye sauran. Don haka a can ba tsayin wuri ne yake ba da kallo ba. Kwale-kwale ne yake bayarwa, da kuma sanin lokaci: wane wata, wane dare na wata, wace sa'a ta yini.

Yadda ƙasar take a shimfiɗe

Na karantar da ilimin ƙasa shekaru masu yawa, kuma duk lokacin da na kai ɗalibai wannan yanki, abin da nake fara sa su yi shi ne su taka da ƙafa daga bakin teku su nufi arewa a miƙe, domin a cikin ɗan gajeren tattaki mutum zai ratsa ƙasa iri huɗu. Da farko akwai gangaren yashi inda igiyar ruwa take fashewa. Sai tudun yashi mai tsawo da ke biye da teku, wanda aka dasa wa itatuwan kwakwa, kuma a kansa ƙauyukan suke. Bayan tudun sai mutum ya iske wani ruwa kwance shiru, wanda ba na gishiri ne zalla ba kuma ba na sha ba ne, mutanen wurin suna kiransa lagun, yana tafiya daura da teku har ya wuce garin Wida. A ƙetarensa kuma fadama ce da dajin mangurof, itatuwan da suke rayuwa a cikin ruwan gishiri, saiwoyinsu a tsaye sama da laka. A wasu wurare kusa da Avlo tudun ya yi siriri har mutum yana jin rugugin teku a damansa alhali yana kallon masu jefa koma a ruwan da ke hagunsa.

Abin da ya gina wannan tudu shi ne igiyar ruwa, wadda take zuwa daga kudu maso yamma ta bugi gaɓa a karkace, ta yi ta tura yashi zuwa gabas dare da rana. Kogin Mono, da ya taso daga tsakiyar Togo ya zama iyakar ƙasashen biyu a ƙarshen tafiyarsa, idan ya iso sai ya tarar yashi ya tare masa hanya, dole ya karkata gabas ya bi bayan tudun har ya sami inda zai fasa. Wannan mafasa ita ce ake kira Bouche du Roy, kuma da wannan sunan za ka nemi mai jirgi ya kai ka.

Sai dai ka sani bakin kogin ba ya zama wuri ɗaya. Kafin a kammala madatsar ruwa ta Nangbeto a Togo a 1987, ruwan Mono yakan ja baya ƙwarai da rani har yashi ya toshe bakin, sai damina ta sake buɗe shi. Tun da madatsar ta fara sakin ruwa duk shekara, bakin ya zama a buɗe, yana matsawa gabas da ɗaruruwan mitoci a shekara guda, yana cin gonakin kwakwa da gidajen mutane, har hukuma takan kawo injuna ta fasa sabon baki a wani wuri don ta tsayar da ɓarnar. Ita ma tekun tana cin gaɓa, domin madatsar Akosombo ta Ghana da aka gama a 1965 ta riƙe yashin da kogin Volta yake kawowa, kuma katangun tashar jiragen Lome suna tare wanda ya saura kafin ya iso. Tsohon garin Grand-Popo, wanda ya yi tashe da cinikin manja a zamanin Turawa, teku ta haɗiye wani sashensa, kuma kangayen da suka rage suna nan a unguwar Gbekon ga mai son gani. Ina faɗa maka wannan ne don kada ka dogara da taswirar da ke cikin wayarka ko da bayanina a kan inda bakin yake. Mai kwale-kwalen da ya je can jiya shi ne ya san inda yake yau.

Tafiyar kwale-kwale

Ka nemi jirgi tun da yamma ka yi ciniki, ku tashi da sassafe bayan sallar asuba, kafin iska ta taso. Akwai masu inji akwai masu gora. Mai inji zai kai ka ya komo da kai cikin rabin yini, amma ƙarar injin tana korar tsuntsaye tun daga nesa, shi ya sa nakan roƙi a kashe shi idan an shiga lungunan mangurof, a ci gaba da gora. A waɗannan lunguna rassan sukan haɗe a sama, ruwan ya yi duhu, ka ga ƙaguwa suna hawa saiwoyi, da zalɓe da balbela a tsaye a kan laka. Daga Oktoba zuwa Maris kuma akwai tsuntsayen da suke ƙaura daga Turai su yi hunturu a nan, sukan taru a kan tsibiran yashi kusa da bakin kogin. Akwai ayu a ruwan Mono, amma dabba ce mai tsananin ɓuya, kuma duk wanda ya yi maka alkawarin zai nuna maka shi kuɗinka yake so. Saboda irin waɗannan halittu ne aka sa yankin cikin jerin fadamun duniya masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar a 2000, sannan UNESCO ta amince da ƙasan kogin Mono a matsayin gandun kiyaye halittu na haɗin gwiwar Benin da Togo a 2017.

Ka roƙi a tsaya da kai a ƙauyen masu gishiri, ko a cikin lagun ɗin ko a Jegbaji kusa da Wida. Da rani mata sukan kankare ƙasar da gishiri ya fito a kanta, su zuba a manyan kwanduna, su tace da ruwa, sannan su dafa ruwan a kan wuta har ya ƙafe ya bar farin gishiri. Wanda ya taɓa ganin yadda ake gishiri a ƙasar Manga zai gane aikin nan take, domin kusan hanya ɗaya ce. Dafuwar tana cin itace mai yawa, ita ce kuma ta cinye dajin mangurof mai faɗi a da, shi ya sa za ka ga wuraren da aka sake dasawa a jere.

A bakin kogin kansa, abin kallo shi ne haɗuwar ruwa biyu, kuma a nan ne sanin lokaci yake aiki. Teku tana cikowa ta janye sau biyu a kowane yini da dare, tsakanin cika da janyewa kimanin sa'o'i shida, kuma kullum lokacin yana jinkirta da kusan minti hamsin. Bambancin tsayin ruwan a wannan gaɓa ba shi da yawa, wajen mita ɗaya ne ko ɗan fiye, amma a wuri mai shimfiɗa haka ya isa ya sauya kamannin wurin gaba ɗaya. Idan teku tana cikowa, ruwanta mai haske yakan kutsa cikin kogin, ka ga layin da ya raba shi da jan ruwan Mono. Idan tana janyewa, kogin ne yake turawa waje da ƙarfi, tsibiran yashi su bayyana, tsuntsaye su sauka cin abinci, amma a lokacin ne kusantar bakin da jirgi yake da haɗari, domin ruwan yana iya jan jirgin zuwa inda igiya take fashewa. Mai jirgin kirki zai ajiye ka a kan yashi daga nesa ka ƙarasa da ƙafa. Kai da kake bin lissafin watan Musulunci ba ka bukatar wani jadawali don sanin ranakun da ruwan ya fi motsi: cika da janyewa sun fi girma a kwanakin tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu zuwa sha shida, sun fi ƙanƙanta wajen bakwai ga wata da ashirin da biyu.

Rana, wata, da hazo

Mutane da yawa suna zuwa da niyyar ganin rana ta faɗa cikin teku, sai su ga ta faɗi a bayan itatuwan kwakwa. Gaɓar nan kudu take fuskanta. Idan ka fuskanci teku, gabas tana hagunka, yamma tana damanka, alƙibla kuwa tana hagu da ɗan karkata zuwa baya, wato gabas maso arewa. Rana ba ta faɗuwa a kan ruwa sai daga wajen ƙarshen Oktoba zuwa Fabrairu, lokacin da ta karkata kudu. Fitowarta daga cikin ruwa ta fi samuwa, domin ana ganinta tun daga Satumba har Afrilu, kuma a ganina ta fi faɗuwar kyau, saboda a wannan sa'a ce masunta suke tura manyan jiragensu su ratsa igiya. Ka lura kuma cewa almuru a can gajere ne, rana tana faɗuwa duhu yake biyo ta, don haka kada magariba ta same ka a kan ruwa.

Game da watan zuwa, kudancin Benin damina biyu yake yi, babba daga Afrilu zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba, da ɗan tsaiko mai sanyi a Agusta. A babbar damina teku tana da fushi kuma sararin sama a rufe yake. A Satumba da Oktoba Mono yana kawo ambaliya daga arewa, wani lokaci har ya shiga gidaje ya yanke hanyar yashi da ke zuwa Avlo. A ƙarshen Disamba da Janairu kuma hazonmu na hunturu yakan sauka har bakin teku ya dushe komai, kuma ba na jin mutumin Damagaram zai yi tafiyar kwana biyu don ya je kallon hazo. Zaɓina shi ne tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba: ruwan sama ya ɗauke, kogi bai ƙafe ba, ganye shar, tsuntsayen ƙaura sun iso, kuma lokacin ne kunkurun teku suke fitowa da dare su haƙa rami a yashi su yi ƙwai. Akwai masu sa kai a ƙauyukan da suke tattara ƙwan su tsare shi har ya ƙyanƙyashe su saki ƴaƴan cikin ruwa. Idan ka ci sa'a aka kira ka, kada ka haska tocila a fuskar uwar, domin haske yana sa ta koma ba ta yi ƙwan ba. Idan harkar kasuwa ba ta ba ka Nuwamba ba, Fabrairu da Maris ma suna yi, sai dai zafi da gumi.

Idan lalle kana son tudu

Akwai wuri ɗaya kusa da zai ba ka hange daga sama. Arewa da Grand-Popo, ta hanyar Kome, akwai tafkin Aheme, wanda kogin Kufo yake cikawa kuma yake haɗe da lagun ta wani mashigi da ake kira Aho. Ƙauyukan Posotome da Bopa suna kan gangaren jar ƙasa a yammacin tafkin, daga can mutum yana ganin ruwan a shimfiɗe da jiragen masunta a kansa, da shingayen rassa da ake kafawa a cikin ruwa don kifi ya taru. A Posotome ne maɓuɓɓugar ruwan ɗumi take, wadda ake ɗura ruwanta a kwalba da sunan ƙauyen, wataƙila ma ka sha shi a Kwatano. Yini guda ya isa.

Dutse a cikin teku kuwa, da tudun da ake hawa a ga igiya tana dukan gindinsa, sai an je Ghana, misali yammacinta, bayan Takoradi. A ƙauyen Butre akwai tudu da kangon ganuwar da Turawan Holan suka gina a 1656, daga kansa ana ganin bakin kogi da ƙauyen da gaɓar duka. Gaba kaɗan akwai Cape Three Points, ƙarshen Ghana ta kudu, inda hasumiyar haska wa jirage hanya take. Wannan tafiya ce ta daban mai bukatar mako, ba ta kwana ukun da ka ware ba.

Abin kiyayewa

Kada ka shiga teku. Na san za a ce na tsananta, amma wannan gaɓa tana cikin masu haɗari a Afirka ta Yamma, kuma iya iyo a tafkin Gidimuni ko a gulbi bai shirya kowa ba. Yashin yana gangarawa da sauri, taku uku ko huɗu ruwa ya wuce kai, kuma ruwan da igiya ta turo yakan tattaru ya koma ciki ta wasu hanyoyi da ƙarfin da ba mai iya ja da shi. Abin yaudarar shi ne, waɗannan hanyoyi su ne suke kama da wurin da ya fi lafawa, inda ba kumfa. Wanda ruwan ya ja, shawarar masana ita ce kada ya yi kokawar komowa a miƙe, ya yi iyo daura da gaɓa har ya fita daga jan, amma wannan shawara ce ga gwani, ba ga baƙo ba. Ko jiƙa ƙafa za ka yi, kada ka juya wa teku baya, kuma kada ka shiga da babbar riga ko doguwar jallabiya, domin idan ta sha ruwa nauyi take yi. A cikin kwale-kwale ka nemi rigar hana nutsewa kafin a tashi, idan babu ka nemi wani jirgin.

Ƙasar ta mutanen Hula da Feda da Mina ce, kuma da yawansu suna bin addinin gargajiya na Vodun tare da Kiristanci. Za ka ga kurmi ko wani sashe na mangurof da aka kafa wa alama ta ganyen kwakwa ko tarin ciyawa, an sa shi ƙarƙashin tsaron dodon Zangbeto don kada a sari itace ko a kama kifi. Ba a neme ka da ka yarda da abin da suka yarda da shi ba, an neme ka da kada ka shiga, kada ka taɓa, kada ka ɗauki hoto sai da izini. Wannan haramcin ne ma ya tsirar da wasu daga cikin itatuwan da za ka je kallo. Haka nan idan ka tarar ana jan taru a bakin teku, mutum talatin ko fiye a kan igiya ɗaya suna waƙa, ka gaisa kafin ka ɗaga waya, kuma idan ka kama igiyar ka taya su ja za su fi sakin jiki da kai fiye da idan ka miƙa kuɗi. Faransanci yana wadatarwa, kuma a tashar mota ta Kome ko ta kan iyaka ba za ka rasa Bahaushe mai shayi ko mai nama da zai nuna maka masallaci da masauki ba.

Sauro yana da yawa a bakin lagun duk shekara, ka tafi da gidan sauro ko ka tabbatar masaukin yana da shi, ka kuma riƙe ruwan sha da na alwala a jirgi, tunda rijiyoyin kan tudun wasu suna da ɗanɗanon gishiri. Kuɗi dai sefa ce kamar tamu a Benin da Togo, kuma gara ka riƙe ƙananan takardu da canji, domin a ƙauye ba mai iya fasa maka jika goma. Agogon Benin ɗaya ne da namu, na Togo yana baya da sa'a guda, abin da yakan rikita wanda ya yi alkawari da mai jirgi alhali daga Lome zai taso. Maganar hanya daga nan gida ka fi ni saninta, tunda tun 2023 al'amarin iyakar Gaya da Malanbil ya sauya, kuma yanayin takardun ƙetare iyaka yana iya sauyawa tsakanin tafiya da tafiya, sai ka bincika wurin abokan sana'arka kafin ka tashi, ka riƙe katin rigakafin shawara tare da takardar shaidarka. Idan ta Lome ka sauka kuma shiga Benin ya yi maka wuya, ka tsaya a Aneho, garin ƙarshe kafin iyaka, inda ruwan tafkin Togo yake fita teku. Shimfiɗar ƙasar iri ɗaya ce da wadda na bayyana, lissafin wata da na cikar ruwa ma bai sauya ba, kuma daga Agbodrafo ana samun kwale-kwalen da ke ƙetara tafkin zuwa Togoville.